Baba Ku-Wuce na Mararrabar Elsted

Idan ana maganar ladabi a yammacin Minnesota, to a fara da Vernon Oftedal, a kuma rufe da shi. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai a kan abin da ya shafe shi. Ya shafe rabin rayuwarsa yana sayar wa manoman Elsted inshorar amfanin gona, ya yi ritaya da tumbi madaidaici, da malafa ruwan toka, da doguwar mota ruwan zuma wadda yake wankewa ko ba ta yi datti ba. Amma ba tumbin ne abin alfaharin garinmu ba, ba kuma motar ba. Hannunsa ne na dama. Hannu ne mai laushi, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi alƙalami nauyi ba, kuma da alama aiki ɗaya tak aka halitta shi ya yi: ya tashi daga kan sitiyari, ya share iska a hankali, ya ce wa talakawa su wuce.

Mararraba ɗaya gare mu a Elsted. Hanya huɗu ce ta haɗu, kowace da jan allonta mai cewa a tsaya, babu fitila, babu ɗan sanda. Ta gabas tana zuwa babban rumbun masara na ƙungiyar manoma, ta yamma tana kai mutum babban titi, ta kudu makaranta da gonakin talotalo, ta arewa kuma tana hawa ɗan tudun da Vernon ya gina gidansa. Ƙa'idar ba ta da wani wuya. Kowa zai taka birki ya tsaya cak. Wanda ya riga isowa shi zai fara wucewa. Idan kun iso tare, na hannun damanka ne da hanya. Idan kuna fuskantar juna, mai miƙewa ya riga mai karyawa hagu. Shi ke nan. Abin da ya sa take tafiya lami lafiya shi ne babu wanda yake yi wa wani alheri a wurin. Kowa ya san nasa lokacin, in ya zo ya ɗauka ya yi gaba, ko duban fuskar juna ba sai an yi ba.

To wannan ne Vernon bai yarda da shi ba. A ganinsa, mutum ya wuce don kawai lokacinsa ya yi, ai ƙaranta ce. Kowane gaja zai iya karɓar haƙƙinsa. Babban mutum shi ne wanda hanya ta zama tasa, kowa ya ga tasa ce, sannan ya kyautar da ita a bainar jama'a.

Ga yadda ake yi. Motar ruwan zuma za ta gangaro daga tudu a hankali, ta riga kowa isowa, ta tsaya. Sai Vernon ya jira. Idan babu kowa, zai ɗan gyara madubi har wani ya zo, domin kyauta ba ta yiwuwa babu mai karɓa. Kai kuma da ka iso bayansa, ka tsaya, ka ga shi ne da hanya, sai ka jira shi. Shi yana jiranka, kai kana jiransa. Can sai hannun ya tashi. Kai kuma ɗan Elsted ne, an yi maka tarbiyya, ba a ba ka abu ka cafke tun karon farko, sai ka ɗaga naka hannun ka ce a'a, shi dai ya wuce. Ya girgiza kai yana murmushin tausayi, ya sake share iska. Ka saki birki. A daidai lokacin wata ta iso daga kudu ta ga hannu a sama, ta ɗauka da ita ake, ita ma ta saki birki. Ku duka ku taka. Ku duka ku saki. Motoci su yi ta ɗan zabura suna tsayawa kamar jakunan da suka ga ruwa, Vernon kuwa yana zaune a tsakiyar abin da ya haɗa, fuskarsa cike da natsuwar wanda ya ciyar da marayu.

Za ka ce me ya hana a danna masa hon. Ai ka san mu. A Elsted, danna hon daidai yake da ka zagi uwar mutum a ƙofar coci. Idan ranmu ya ɓaci iyakar ɓaci, sai mu ce, "To, wannan kuma daban ne," mu koma gida mu kasa cin abinci. Saboda haka ba a taɓa faɗa wa Vernon komai ba. An dai laƙaba masa Baba Ku-Wuce a bayan idonsa. Ranar da sunan ya kai kunnensa, ya ɗauka sarauta ce aka ba shi, ya yi kwana uku yana sunkuyar da kai irin na wanda yabo ya yi wa nauyi.

A kusurwar mararrabar, tsakanin hanyar arewa da ta yamma, akwai shagon Marlys Dvorak. Uwarta ce ta buɗe shi, ita ta gada, tana kwana a benen sama, tana saukowa tun da asuba ta ɗora kofi ta fito da kek ɗin tuffa daga tanda. Duk labarin garinmu a kan teburanta ake tafasa shi. Nan Vernon yake da kujerarsa ta bakin taga, nan kuma yake gabatar da jawabi ga duk wanda kofinsa bai ƙare ba balle ya gudu.

"Ni na kawo wa garin nan allunan nan huɗu," yakan ce, yana nuna su da cokali. "Kafin ni, me ake da shi a nan? Daji. Kowa ya ga dama ya kutsa. Amma ku sani, allo ƙarfe ne kawai. Allo zai ce maka tsaya, ba zai koya maka mutunci ba. Mutunci sai an ga wani yana yi. Ba na son in ambaci suna."

Gaskiyar magana, hukumar gunduma ce ta kafa allunan, shekarar da motar madara ta kife a wurin. Vernon yana cikin majalisar gari a lokacin, kuma gudummawarsa ita ce ya tsaya kusa da ma'aikacin da ke riƙe da tsani har aka ɗauki hoto. Marlys ta san haka, don a tagarta aka yi komai. Iyakarta ta ƙara masa kofi.

Ana nan, da kaka ta kawo kai, masara ta bushe a gonaki, sai Duane Hamre ya shigo shagon fuska a murtuke. Duane shi ne magajin garinmu, manomi ne, kuma ya karɓi muƙamin ne don ranar zaɓe shi kaɗai bai zo taro ba balle ya ƙi. Ya cire hula ya zauna, ya ce direbobin manyan motoci sun kai kuka gunduma. Sun ce duk faɗin yankin babu inda ake ɓata musu lokaci kamar mararrabar Elsted, kuma birkinsu ya gaji. Gunduma za ta turo injiniya ta zo ta ga yadda wurin yake tafiya a tsakiyar jigilar masara. Idan ta ga yana tafiya, a bar mu da allunanmu. Idan ta ga ba ya tafiya, shataletale za a yi.

Shataletale yana son fili. Kowa ya san wane fili, kowa kuma ya ƙi duban Marlys. Sauran kusurwoyi ukun akwai coci, da gidan mai, da ofishin kashe gobara, babu wanda za a taɓa. Shagonta ne zai tafi, da benen da take kwana, da tandar uwarta. Ta tsaya riƙe da butar kofi, ta tambayi Duane ko za a ba ta wani wuri. Ya ce za a ba ta diyya. Ta ce ba diyya ta tambaya ba. Ni da nake zaune a tebur na biyu, wallahi na ji tausayinta har cikin raina, don matar nan ta haura sittin, ba ta san wani gida ba a duniya sai wannan.

A nan ne Vernon ya miƙe. Ya maɓalle rigarsa, ya dafa kafaɗar Marlys kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Marlys, share hawayenki," ya ce, alhali ba kuka take ba. "Muddin ina numfashi, ba mai taɓa bulo ɗaya na shagon nan. Shataletale! Abin da aka ƙirƙira don mutanen da ba sa gaisawa. Kowa ya shiga ya yi ta juyawa, ba tsayawa, ba sannu, ba bismillah. Wa zai ga wa? Bari injiniyar ta zo. Zan nuna mata abin da ba a koya mata a jami'a ba."

Nan take ya kafa Kwamitin Ceton Mararraba, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya. Duk wanda ke wurin ya san cewa mararrabar Elsted ba ta da ciwo sai guda ɗaya, kuma ga ciwon nan tsaye ya sha alwashin zai yi jinya.

Bayan ya fita, aka haɗa kai. Ba wanda ya kawo shawarar a faɗa masa gaskiya, don abin bai ma zo wa kowa a rai ba. Dabara aka nema. Duane ya buga wa surukinsa waya a wani gari da ke can gaba, aka shirya cewa suna neman babban baƙo da zai yi alƙalancin gasar kabewa a ranar da injiniya za ta zo, kuma sun duba duk jihar ba su ga wanda ya dace ba sai Vernon. Za a ba shi kujera a kan dandamali, da lasifika, da abincin rana. Mun yi zaton an gama. Vernon ya saurari gayyatar ido a lumshe, ka ga mutumin da ake yi wa susa. Sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce a ba mutanen haƙuri, ya san zai karya musu zuciya, amma jagora ba ya barin jama'arsa ranar gumurzu don ya je auna kabewa.

Da wannan ta faskara, Marlys ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi tsabar idonsa ta ce masa injiniya sai da la'asar za ta iso. Alhali da safe za ta iso. Marlys ta ce mini daga baya ta roƙi gafarar Ubangiji tun kafin ta faɗa, don a rage aiki.

Ranar ta zo da sanyi mai daɗi, sama garau. Injiniyar, wata doguwar mace mai suna Yolanda Pruitt, ta ajiye farar motar gunduma a gefen shagon, ta shigo ta zauna a bakin taga, a kan kujerar Vernon, ba wanda ya ce mata ta tashi. Ba ta da yawan magana. Ta karɓi kofi, ta zuba wa mararrabar ido.

Ban taɓa ganin garinmu ya yi kyau kamar safiyar nan ba. Manyan motoci maƙare da masara suna zuwa daga yamma, waɗanda suka juye suna dawowa daga gabas, motar makaranta, a-kori-kurar manoma, matan da za su coci gyaran fure. Kowa ya zo ya tsaya, ya duba, ya ɗauki lokacinsa, ya wuce. Wannan ya tafi, wancan ya biyo, na gaba ya matso. Ba hannu, ba murmushi, ba gardamar kirki. Mu da ke cikin shagon mun yi kamar muna hira, amma ba wanda ya san abin da yake faɗa. Can da hantsi, injiniya ta miƙe ƙafa, ta ce wa Marlys gaskiya ita ba ta ga abin da direbobi suke kuka da shi ba, wurin nan yana tafiya fiye da wasu da ke da fitila. Ta ce a ba ta yanka ɗaya na kek ɗin nan kafin ta kama hanya. Marlys ta yanko mata wanda ya kusa rabin faranti, tana ta godiya ba tare da ta san a kan me ba.

Abin da muka manta shi ne Vernon bai gina gida a kan tudu don shan iska ba. Daga tagar falonsa ana ganin mararrabar tsaf, kuma farar motar gunduma da tambarinta a ƙofa ba abin ɓoyo ba ce. Ya gan ta tun da wuri, ya tsaya ne kawai ya yi aski, ya sa kwat ɗin coci.

Ni na fara hango ta. Motar ruwan zuma tana gangarowa, tana sheƙi, a hankali kamar mai ɗauke da gawa. Na ji Marlys ta ce "Ya Ubangiji" a ƙasan maƙoshi. Injiniya ta ɗago da cokali a hannu.

Ya iso ya tsaya, shi kaɗai, hanya fayau ta ko'ina. Da zai wuce a lokacin, da shi ke nan. Amma ya waiwayo ya ga baƙuwar a taga, ya taɓa bakin malafarsa, ya gyara zama. Ba a jima ba Duane ya iso daga yamma da babbar motarsa, masara har baki, zai miƙe zuwa rumbu. Daga kudu kuma wata tirela ta iso ɗauke da kejin talotalo hawa-hawa, direbanta baƙo ne, yana nuna zai karya hagu ya nufi babban titi. Dukansu suka tsaya. Dukansu suka ga Vernon ya riga su. Dukansu suka jira.

Duane, wanda ya san abin da ke tafe, ya kafe idonsa a kan sitiyari ya ƙi ɗagowa, yana fatan idan ba a kalli mutumin ba zai gaji ya wuce. Vernon ba ya gajiya. Bayan Duane motoci suka fara taruwa, ɗaya, biyu, har layin ya wuce gidan mai. Bayan tirelar ma haka. Daga gabas waɗanda suka juye masara suka iso suka yi cirko-cirko. Injiniya ta tambayi Marlys ko motar dattijon ta mutu ne. Marlys ta ce a'a, lafiyarta lau, haka yake.

Sai Vernon ya sauke gilashi. A ranakun yau da kullum daga cikin mota yake yi, amma yau akwai baƙuwa. Ya fito da hannu har kafaɗa, na hagu wannan karon don ya fi kusa da jama'a, ya ɗaga shi sama, ya shimfiɗa wata irin shara mai faɗi wadda ta taso daga hanyar yamma, ta bi ta kudu, ta ƙare a gabas. Duk wanda ke da ido a Elsted ya samu rabonsa a cikin hannun nan.

Duane ya ga layin da ke bayansa, ya ga hannu ya fara ta kansa, ya ce bari ya kawo ƙarshen abin, ya saki birki. Direban talotalo ya ga hannu ya bi ta gabansa, kuma a lissafinsa, tunda dattijon ya yafe, shi ne na hannun daman Duane, shi ma ya saki. Suka ga juna, suka taka. Kowa ya ɗauka ɗayan ya haƙura. Suka sake saki tare.

Ba wani mugun karo ba ne. Ƙara ce kawai irin ta babbar tukunya da ta faɗi a ɗakin girki, sai ƙarfe yana kukan murɗewa. Gefen motar Duane ya ɓalle, masara ta ɓarke ta yi ta kwarara har ta rufe matakalar shagon Marlys. Kejin ƙasa na tirelar suka buɗe. Talotalo suka fito ɗaya bayan ɗaya, farare, ƙosassu, suka dubi duniya, suka ga tsibin masara a gabansu, suka yanke shawarar cewa lallai nan ce aljannar da aka yi musu alkawari.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Duane ya sauko ya dubi motarsa, ya dubi masararsa a cikin bakin tsuntsayen wani, ya cire hula ya mayar. Ya ce, "To, wannan kuma daban ne." Mu da muka san shi muka ja da baya.

Vernon ya fito daga motarsa, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Ya ratso cikin talotalo yana ba su hanya, ya iso gaban injiniya da ta fito bakin ƙofa masara har idon sawu, ya cire malafa.

"Madam, barka da zuwa Elsted. Vernon Oftedal, shugaban Kwamitin Ceton Mararraba. Ina so ki lura da abu ɗaya. An yi karo a gabanki, amma kin ji zagi? Kin ji hon? Kin ga wanda ya ɗaga murya? To wannan tarbiyya ce, kuma ba da kanta ta tsiro ba. Waɗannan bayin Allah biyu sun yi gaggawa, na yafe musu. Da kowa zai yi haƙuri irin nawa, da ba a motsa ba balle a yi karo."

Injiniya ta dube shi na ɗan lokaci. Ta juya ta tambayi Marlys ina hanyar arewan nan take zuwa. Marlys ta ce gidansa, sai tsohuwar maƙabarta, daga nan ta zama turbar tsakuwa ta zagaya bayan rumbu. Injiniya ta ce to, ta gode da kek. Ta shiga motarta, ta jira wani talotalo ya gama tsallakawa, ta tafi.

Kwanakin da suka biyo baya Marlys ba ta yi barcin kirki ba. Ta share masara, ta buɗe shago kullum, amma na ga ta fara sauke hotunan uwarta daga bango tana naɗewa a jarida. Vernon kuwa ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ya lura injiniyar ta fita jikinta a sanyaye, alamar maganarsa ta shige ta. Ya ce yana shirya jawabin da zai rufe zancen a taron majalisa, kuma tun yanzu yana tausaya wa wanda zai yi magana bayansa.

An yi taron da hantsi a zauren masu kashe gobara, don kaka ce, kowa yana da masara a tsaye a gona kuma an ce ruwa na tafe. Garin duka ya zo. Injiniya ta miƙe ta ce abu biyu ne gunduma za ta yarda da shi. Ko shataletale, a rushe shagon kusurwa. Ko kuma a toshe bakin hanyar arewa da tubalan kankare, mararrabar ta koma mai hanya uku, shago ya tsaya inda yake, mai gidan kan tudu ya riƙa zagayawa ta turbar bayan rumbu. Ta ce gari ya zaɓa, ta zauna.

A dokar majalisarmu, wanda abu ya shafi ƙofar gidansa shi ake fara bai wa dama, ya yi magana iya son ransa kafin kowa. Kuma in faɗi gaskiya, da Vernon ya yi, da an shiga uku. Mu mutane ne da ba ma iya cewa a'a a gaban mutum. Da ya tsaya ya ce shi tsoho ne, turbar tsakuwa ba ta biyuwa idan dusar ƙanƙara ta sauka, da kunya ta kama kowa, a ɗage zancen, gunduma ta yanke da kanta, kuma mun san me za ta yanke. Marlys ta san haka. Tana zaune a layin gaba, ta damƙe jakarta da hannu biyu.

Duane ya ce, "Vernon, kai ne da fili. Bismillah."

Vernon ya miƙe. Ya maɓalle kwat, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ga ido sama da ɗari a kansa, ga baƙuwa daga gunduma. Dama tasa ce, kowa ya ga tasa ce. Na ga lokacin da abin ya taso masa, na kuma ga bai ko yi yunƙurin danne shi ba. Ya yi murmushin nan na tausayi.

"Haba, Duane. Ni in riga mata da ƙananan mutane magana? Ba a haife ni haka ba. Kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ni zan zo daga ƙarshe in tattara."

Ya share iska, ya zauna.

Duane bai ce a'a kai dai fara ba. Wannan ne karo na farko a tarihin Elsted da aka karɓi kyauta tun tayin farko. Ya ce Marlys. Marlys ta miƙe ta ce a shagon nan aka haife ta, a bene, kuma tana so idan lokacinta ya yi a sauko da ita ta matakalar nan. Ta zauna. Wata tsohuwar malamar makaranta da ke cikin majalisa ta kawo ƙudurin a toshe hanyar arewa. Mai gidan mai ya mara mata baya. Duane ya ce masu goyon baya, 'yan majalisa suka amsa baki ɗaya. Ya ce masu adawa, ya ba su daidai lokacin haɗiye yawu. Ya ce ƙuduri ya wuce, kuma tunda hadari yana haɗuwa, an rufe taro. Ya buga tebur.

Kujeru suka fara ƙara. Marlys ta rufe fuska da hannu, matan coci suka kewaye ta. Vernon yana zaune, bakinsa a ɗan buɗe, jawabin mako guda cur yana tsaye a maƙogwaronsa. Sai da ya ga an fara nufar ƙofa sannan ya gane ba za a zagayo kansa ba. Ya zabura ya miƙe, ya ɗaga hannu sama iya tsawonsa yana kaɗawa, yana neman a ba shi dama.

Mutanen Elsted suka waiwayo suka ga hannun Baba Ku-Wuce a sama. Suka gyaɗa masa kai cikin ladabi, suka ce sun gode, suka wuce.